Jif 'Yar Gwanjo Da Kuɗin Taki: Darasi Daga Dandume

Duk wanda ya san Dandume ya san kaka ce ke fallasa aljihun mutane. Da zarar masara ta bushe, aka shiga casar shinkafa da waken soya, tireloli suka yi jerin gwano a bakin kasuwa suna lodi zuwa Dawanau da Ibadan da Legas, sai garin ya canza kama. A wannan lokaci ake ɗaura aure, ake biyan kujerar Makka, ake sauya kwanon ɗaki. A 'yan shekarun nan an samu ƙari a kan wannan jeri, wato sayen jif, irin manyan nan na alfarma da muka saba gani a ayarin gwamnoni da 'yan majalisa. Yanzu ana samun tsofaffinsu a wajen dillalai a Kano da Kaduna da Abuja, a kan kuɗin da babban ɗan kasuwar hatsi zai iya haɗawa a kaka ɗaya mai kyau. Ni malamin jami'a ne, fannina tattalin arzikin noma, kuma a Dandume aka yanke mini cibiya. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a kan mota, alhali aikina lissafin gona, shi ne na ga da idona yadda mota ɗaya ta cinye takin damina guda a gidanmu.

A kakar 2023, lokacin da hatsi ya yi darajar da ba a saba gani ba, wani yayana, ɗan wan mahaifina da muka tashi gida ɗaya, ya kira ni a waya. Manomi ne, yana kuma saye da ajiyar hatsi, Allah ya yi masa rufin asiri daidai gwargwado. Ya ce, “Dakta, in ka samu hutun ƙarshen mako ka zo ka sa mini albarka.” Na iso ranar Asabar na tarar da ita a ƙofar gida, yara sun kewaye ta. Baƙa ce wuluk, ƙirar Turai, shekararta goma sha ɗaya da fitowa daga masana'anta, amma in ka gan ta sai ka rantse jiya aka cire ta daga leda. Ga kujerun fata, ga rufin gilashi, ga sanyi mai ratsa ƙashi. Ya danna wani maɓalli, sai motar ta miƙe a hankali ta ƙara tsawo. Ya dube ni yana murmushi ya ce, “Ka gani? Wannan ko kwazazzabon hanyar gona ba ya ba ta tsoro.” Na yi masa addu'a kamar yadda ya kamata, sannan na ce, “Yaya, in ta yi ciwo wa zai duba ta a nan?” Ya yi dariya ya ce, “Ku 'yan boko ba ku da aiki sai tsoro. Dillalin ya rantse mini ko sifana ba a taɓa ɗora mata ba.”

Wata bakwai ta yi tana tafiya lafiya, in ban da wata 'yar fitila da kan kama a gaban direba, wadda wani yaro ya ba shi shawarar ya manna mata baƙin salatif don kada ta riƙa damun sa. A watan Yuni, damina ta kankama, yana dawowa daga Funtuwa da iyalinsa gab da magariba, sai motar ta fara nutsewa ta baya. Kafin a ƙara tafiyar kirki ta durƙusa gaba ɗaya kamar raƙumin da za a yi wa lodi, cikinta yana gugar ƙasa a kowane rami. Duk ɗan yankinmu ya san abin da tsayuwa a wannan hanya bayan faɗuwar rana take nufi. Allah ya taimaka wani direban haya da ya san shi ya tsaya ya kwashi mata da yara, shi kuma ya lallaɓa da ita da ƙyar zuwa ƙauye mafi kusa, ya kwana a masallaci.

Washegari aka ɗauko bakaniken da ya shekara ashirin yana yi wa gidanmu gyara. Mutumin kirki ne. Ya zagaya ta, ya leƙa ƙarƙashinta, ya miƙe ya karkaɗe hannu ya ce, “Alhaji, ba zan ci amanarka ba, wannan ta fi ƙarfina. Ba ta da sifirin da zan canza. Iska ce ke ɗauke da ita, kwamfuta ke ba iskar umarni.” Aka ɗora ta a babbar mota zuwa Kaduna. A can aka gano jakunkunan iska biyu sun tsage, famfon da ke hura su ya ƙone. Da aka ɗaga kafet don bin wayoyi, sai ga busasshen laka a ƙarƙashin kujeru, ga tsatsa a kan ƙusoshin da bai kamata ruwa ya taɓa kaiwa gare su ba. Na karɓi lambar jikin motar na bincika a intanet, na biya 'yan daloli kaɗan, tarihinta ya fito: ambaliya ta taɓa shanye ta a Amurka, kamfanin inshora ya biya mai ita, ya sa ta a gwanjo. Mako bakwai ta yi a gareji ana jiran kaya daga Legas. Kuɗin da aka kashe kuwa su ne yayana ya ware don zuba taki na biyu a masararsa. Rabi ya iya zubawa, kuma da kaka ta zo gonar ba ta ɓoye masa komai ba.

Tun daga lokacin na riƙa zama da kanikawa a Funtuwa da Zariya da Kaduna, ina tambaya ina karatu, har na fahimci abin da nake son mai karatu ya riƙe. Kuɗin sayen motar alfarma yana karyewa da shekaru, amma kuɗin riƙe ta ba ya karyewa. Motar da aka sayar sabuwa a kan dala dubu tamanin, bayan shekara goma tana iya faɗowa ƙasa da rubu'in wannan kuɗi, sai dai famfonta da giyarta da kwamfutocinta suna nan a matsayin kayan motar dala dubu tamanin. Yawancin kamfanonin motocin alfarma a Amurka suna ba mai saye garantin shekara huɗu ko tafiyar mil 50,000. Mai ita na farko yakan ci moriyar wannan lokaci, ya rabu da ita kafin manyan gyare-gyare su iso. Na biyu ya ɗan taɓa, ya tura gaba. Wanda ke Dandume yawanci shi ne na uku ko na huɗu, kuma a kansa ake karɓar bashin gyaran da na baya suka ƙi yi. Arahar da ya gani a wajen dillali gargaɗi ne daga kasuwar can, bai dai iya karanta shi ba.

Daga ina suke zuwa?

A watan Oktoba na 2020, Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoto cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14 zuwa wasu ƙasashe, kuma kashi 40 cikin ɗari Afirka suka nufo. Najeriya na sahun gaba a masu saye. Da yawa daga cikin jif-jif ɗin da muke gani ana sayo su ne a gwanjon kamfanoni irin su Copart da IAA a Amurka, inda kamfanonin inshora ke zubar da motocin da suka yi haɗari ko ruwa ya ci. Guguwar Harvey kaɗai, wadda ta afka wa birnin Houston a watan Agusta na 2017, ta nutsar da dubban ɗaruruwan motoci. Irin waɗannan kan iso Legas a lotse, fanel-bita ya miƙe su, mai fenti ya shafe su, wani ya mayar da lambar tafiyarsu baya, sannan a yi musu wanka a ajiye su a ƙarƙashin rumfa. A da, da yawa ta Kwatano suke sauka, su biyo ta Maraɗi su shigo ta Jibiya, shi ya sa har yau muke cewa mota 'yar Kwatano. Daga ranar 1 ga Janairu, 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, saboda haka duk motar da ta biyo wannan hanya bayan lokacin, takardunta abin dubawa ne da idon basira.

Ba ina cewa kowane dillali maƙaryaci ne ba. Akwai masu tsoron Allah da za su nuna maka hoton motar tun tana filin gwanjo. Sai dai shi kansa dillalin sau da yawa daga hannu na biyu ya karɓa, kuma rantsuwarsa ba ta wuce iyakar saninsa.

Ciwon da suka fi yi

Ciwo na farko shi ne wanda ya durƙusar da motar yayana. Range Rover da Marsandi GL, da wasu daga cikin ML da BMW X5 da Audi Q7, a kan jakunkunan roba masu cike da iska suke zaune a maimakon sifirin ƙarfe. Wannan ne ke ba su taushin tafiya, shi ke sa su ɗagu ko su sauka da maɓalli. Amma roba tana tsufa, zafi da ƙura suna gaggauta tsufanta. Idan jaka ta fara yoyo, famfon da ke hura ta sai ya riƙa aiki ba hutu don ya cike giɓin, har ya ƙone. Gyaran da da jaka ɗaya zai tsaya sai ya zama na jakunkuna da famfo da bawul. Alamar tana bayyana tun da wuri: a ajiye mota da dare, a tarar da ita da safe ta karkace gefe guda.

Na biyu shi ne zafi. Injinan waɗannan motoci na goran ruwa ne, cushe a wuri matsattse, kuma bututun ruwansu da mahaɗansu da yawa na roba ne mai tauri wadda kan bushe ta tsage bayan shekaru. BMW X5 mai silinda shida ta 2007 zuwa 2013 tana amfani da famfon ruwa na lantarki wanda kan mutu ba sallama. Range Rover mai injin lita biyar da aka fara a 2010 an san ta da tsagewar bututun ruwa da kuma sakin sarƙar da ke daidaita bugun inji. A ƙasar da zafin Maris da Afrilu kan kai digiri 40, irin wannan inji in ya tafasa sau ɗaya tak, gasket ya tafi, wani lokaci kan injin ma ya lanƙwashe.

Na uku giya ce da kayan cikin inji. Marsandi ML350 ta shekarun 2006 zuwa 2008 ta yi suna da cinyewar wani ƙaramin haƙori a cikin inji, wanda kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, amma sai an sauke injin gaba ɗaya kafin a kai gare shi. Giyarta mai hawa bakwai tana da wani faranti na lantarki a ciki, in ya lalace sai motar ta maƙale a giya ɗaya, kuma ko an sayo sabo sai an haɗa shi da kwamfuta ya san motar kafin ya yi aiki.

Na huɗu, wanda ya fi wahalar da kanikawanmu, shi ne lantarki. Irin wannan mota tana ɗauke da ƙananan kwamfutoci da dama da ke magana da juna ta wayoyi. Batir ya yi sanyi kaɗan, sai fitilu goma su kama a lokaci guda. Ruwa ya sulala ta bakin fitilar baya, kamar yadda aka sani a ML ta wancan zamani, sai sigina da makullin but su rikice. Motar da ambaliya ta taɓa ci kuwa, tsatsa na cin wayoyinta a ɓoye, yau wannan ya mutu, gobe wancan, har mai ita ya fara zargin sammu.

Mai karatu zai ce, to ai shi ya sa muke sayen Lexus. Gaskiya ne binciken da cibiyoyi irin su Consumer Reports da J.D. Power ke yi a Amurka ya daɗe yana sa Lexus da Toyota a sahun gaba wajen ƙarko, Land Rover kuma a can ƙasa. Amma su ma ba mala'iku ba ne. Tsohuwar RX300 an san ta da daskarewar baƙin mai a inji da kuma mutuwar giya. RX350 ta farko, ta 2007 zuwa 2009, tana da wani tiyon mai na roba da kan fashe ya zubar da man inji cikin 'yan mintuna, har kamfanin ya kira masu motocin don a canza musu shi, kuma ba kowace da ta iso nan aka canza mata ba. GX470 da LX470 da bel suke daidaita bugun inji, wanda ake so a canza a kusan kowace tafiyar mil 90,000, wato kimanin kilomita 145,000, amma mutane kan bar shi sai ya tsinke. GX470 tana da jakar iska a baya, LX kuma da wani mai na musamman take ɗagawa da sauka. Wadda ta fito daga jihohin Amurka masu dusar ƙanƙara, inda ake zuba gishiri a titi, ƙashinta na ƙasa kan zo a cinye da tsatsa. Sannan a sani cewa RX, duk da sunan jif da muke ba ta, a kan ginshiƙin Camry aka gina ta, kuma da yawa daga cikinsu tayoyin gaba kaɗai ke ja. Wanda ya shiga da ita fadama a watan Agusta zai nemi shanu su jawo shi.

Fifikon da suke da shi a wajenmu ya wuce ingancin ƙira. Injin RX350 shi ne a cikin Highlander da Sienna da Camry mai silinda shida, GX470 kuma 'yar'uwar Prado ce. Saboda haka kayansu suna nan a Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna, kuma akwai hannun da ya saba da su a Funtuwa. Ƙarkon mota a Dandume ya dogara ne a kan nisan da ke tsakaninta da wanda ya iya gyara ta, da kuma kwanakin da za a yi kafin kayanta su iso. Wannan ne sirrin Fijo 504 da iyayenmu suka hau. Tun 1975 ake haɗa Fijo a Kaduna, kowane gari akwai mai gyaran ta, kuma da sifana da filaya ake tayar da ita a bakin hanya.

Namu laifin

Adalci ne mu faɗi abin da mu kanmu muke yi wa waɗannan motoci. Da mota ta iso, abin da wasu kanikawa ke fara yi shi ne cire tamostat, su haɗa fanka kai tsaye, wai an yi su ne don ƙasar sanyi. Alhali injin zamani an tsara shi ya yi aiki a wani ma'aunin zafi, in bai kai ba kwamfuta sai ta riƙa ƙara masa mai, ya sha da yawa, ya kuma cinye da wuri. Muna cika lagireto da ruwan rijiya a maimakon ruwan sanyaya inji na musamman, gishirin da ke cikinsa ya toshe hanyoyi ya cinye goran ruwan. Muna zuba baƙin mai mai kauri, 20W-50, a injin da littafinsa ya ce 5W-30, saboda mun gaji ra'ayin cewa mai kauri ya fi ƙarfi, alhali ƙananan hanyoyin da ke cikin injin ba su iya wuce da shi da sauri. Matatar hayaƙin da ke cikin salansa, wadda kanikawa ke kira indomi, ana fasa ta a sayar saboda ma'adanai masu tsada da ke ciki, a bar mai mota da fitila a kunne da ƙarin shan mai. Ƙurar hunturu tana toshe matatar iska cikin 'yan makonni, mu kuwa sai a busa ta a mayar.

Ga kuma batun man fetur. Yawancin jif-jif ɗin Turai fetur mai daraja ta sama aka rubuta musu, mu kuwa iri ɗaya ake sayarwa a gidajen manmu, kuma a ƙauye sau da yawa daga galan ɗin 'yan bumburutu ake sha. Ba mu manta da watan Fabrairu na 2022 ba, lokacin da kamfanin NNPC da kansa ya tabbatar an shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol daga Antwerp ta Beljiyam, motoci da dama suka lalace. Tsohuwar mota mai kafireto takan yi tari ta wuce. Mai nozul da na'urori masu saurin ji ba ta yafewa.

Lissafin manomi

A ranar 29 ga Mayu, 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 1,000 kafin ƙarshen 2024. Dalar da take kusan naira 460 a farashin gwamnati ta wuce naira 1,500 a cikin 2024. Babbar jif mai silinda takwas kimanin kilomita shida take yi da lita ɗaya, inda Corolla ke yin ninkin haka. Kayan gyaran ta da dala ake shigo da su, mai ita kuwa da naira yake sayar da masara. Bayan gwamnati ta ɗage harajin shigo da wasu kayan abinci na kwana 150 a tsakiyar 2024, farashin hatsi ya karye a 2025, taki kuma bai sauko tare da shi ba. Wanda ya sayi motarsa a shekarar da buhu ke da daraja, yanzu yana ciyar da ita a shekarar da buhu ya faɗi.

Abin da nake koya wa ɗalibaina a aji shi ne su bambanta dukiyar da ke haihuwa da dukiyar da ke ci. Garmar shanu, injin casa, famfon ban ruwa, sito, a-kori-kura mai kai kaya kasuwa, duk suna dawo da abin da aka kashe musu. Jif ta alfarma ba ta ɗaukar buhu ashirin, ba ta shiga haya, kuma kowace safiya darajarta raguwa take yi. Ina ba duk mai niyya shawara ya mayar da lissafin zuwa harshen da ya fi ji: buhu nawa ne kuɗinta, buhu nawa za ta sha a shekara, buhu nawa ne taya huɗu, buhu nawa ne giya in ta mutu. In jimillar ta taɓa kuɗin taki da iri da ƙwadago, to motar ta fi ƙarfinsa ko da ya iya biyan kuɗinta lakadan.

Akwai wani lissafin da ba a yi da buhu. Dandume da Sabuwa da Faskari suna cikin ƙananan hukumomin da matsalar 'yan bindiga ta fi taɓawa. A watan Disamba na 2020 an tare ɗaliban Islamiyya fiye da tamanin a yankin Mahuta, Allah ya sa aka kuɓutar da su. A watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da tamu da Funtuwa, aka yi watanni ba a iya kiran kowa. A irin wannan wuri, motar da za ta iya mutuwa ba sallama a tsakiyar hanya barazana ce ga rai, kuma motar da ke shelar arzikin mai ita tun daga nesa tana yi wa masu ba da rahoto aikinsu a sauƙaƙe.

Na san akwai hujja a ɗaya ɓangaren, kuma ba na raina ta. Hanyoyinmu na ƙauye, daga Tumburkai zuwa Ɗantankari, suna buƙatar mota mai tsawo, musamman da damina. Ɗan kasuwa kuma yana cin mutunci a idon abokan hulɗa, wani lokaci motar da ya sauka daga cikinta ce ke sa a ba shi kaya bashi. Kuma wanda ya yi shekara talatin yana shan rana yana da haƙƙin ya ji daɗin guminsa, halak ɗinsa ne. Abin da nake ƙi shi ne cinikin biri a sama. Mutumin da zai je kasuwar Sheme sayen sa, ya buɗe bakinsa ya duba haƙora, ya taɓa kofato, ya sa a zagaya da shi ya ga tafiyarsa, bai kamata ya ba da kuɗin shanu ashirin a kan ƙyallin fenti da rantsuwar dillali ba.

Duba mota kamar duba sa ne. Kowace tana da lamba mai haruffa da alƙaluma 17 a jikinta, ana ganin ta ta gilashin gaba. A ba ɗalibin da ke gida ya bincika ta a intanet kafin a biya ko sisi, domin sau da yawa har hotunanta na filin gwanjo da ainihin tafiyar da ta yi suna fitowa. A tabbatar da takardun kwastan. A je da bakanike na kai mai na'urar bincike, kada a dogara da wanda dillali ya kawo. A tayar da ita da sassafe tun injin yana da sanyi, a saurari ƙarar sarƙa, a dubi hayaƙi. A murɗa makulli a ga duk fitilun gargaɗi sun kama sannan sun mutu, domin wadda ba ta kama ba wataƙila cire ta aka yi. A ɗaga kafet, a shinshina, a leƙa ƙarƙashin kujera da mazaunin safaya. In mai iska ce, a bar ta ta kwana a gani. A tambayi kai wa zai gyara ta tsakanin Funtuwa da Zariya. Sannan a ware aƙalla rubu'in kuɗinta a ajiye don gyaran shekarar farko, wanda ba shi da wannan rarar ya sauko zuwa wadda ta fi ƙanƙanta.

Ga matasanmu masu karatu kuma, akwai abinci a cikin wannan matsala. Tun 1996 kowace motar da aka sayar a Amurka tana da wata kafa da ake soka na'ura a karanta ciwonta. Na'urar ba ta fi ƙarfin mai ƙaramin jari ba, ilimin fassara abin da ta nuna ne ya yi ƙaranci. Wanda ya gama difloma a Kwalejin Hassan Usman Katsina ko digiri a Zariya, ya haɗa karatunsa da zama a gaban tsohon bakanike, ya buɗe gareji a Funtuwa, ba zai nemi aikin gwamnati ba. Ya kamata gwamnatin jiha da hukumar NADDC mai kula da harkar motoci su kawo irin wannan horo kusa da mu, don a daina ɗora motocin yankin nan a bayan babbar mota zuwa Kaduna saboda waya ɗaya ta tsinke.

Yayana dai daga baya ya sa an cire jakunkunan iskar an sa mata sifirin ƙarfe, ya gaya wa mai saye tarihinta ba tare da ɓoye komai ba, ya sayar da ita da hasara. Ya cika kuɗi ya sayi tsohuwar Hilux wadda fentinta ya koɗe. Ran nan na tarar da shi a bakin sito ana loda mata buhunan waken soya, na tsokane shi na ce, “Yaya, ina maɓallin da ke ɗaga ta sama?” Ya yi dariya ya ce, “Dakta, bar tuna mini. Waccan ni nake yi mata bauta, wannan ita ke yi mini.” Kaka ta sake zuwa, kuɗi za su shiga hannu, dillalai kuma sun riga sun wanke hajarsu. Allah ya sa albarka a abin da muka noma, ya kuma ba mu basirar riƙe shi.